Ruwan da Ya Ci Gadon Inna Kulu

Ku samarin yanzu, in kun biyo ta gaban rumfata kun tarar ina goge ƙafar kujera, sai ku ce wannan ai ba aiki ba ne. A kankare, a shafa fenti, a miƙa wa mai kaya. Wani ma kwanan baya cewa ya yi in ya samu zarto da guduma, kafin damina ta faɗi ya zama kafinta. Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Ban tsaya yi masa bayani ba, don na ga ba sauraro ya kawo shi ba. A gyaran katakon da ruwa ya ci, zarto da guduma su ne na ƙarshen ɗauka. Abin da ake fara ɗauka shi ne rashin yarda. Mai kaya zai zo ya tsara maka yadda aka yi, kai kuma ka ce masa to, amma kada ka kama maganarsa sai ka duba katakon da idonka.

A Konni na koyi aikin nan, wajen maigidana Nomau, Allah ya jiƙansa, a farkon shekarun tamanin. Rumfarsa tana bayan kasuwa. Shi bai damu da ƙera sabo ba, a gyara ya yi suna: ƙofofi, tagogi, akwatunan mata, gadaje, har teburan lakwal, wato makarantar boko, da rufi ya zubar wa ruwa. Na daɗe a hannunsa bai bar ni na taɓa rabo ba, wato abin da ake fere fuskar katako da shi ta yi sumul. Aikina shi ne in ciro tsofaffin ƙusoshi in miƙe su, in yi shara, in shinshina. E, shinshina na ce. Zai ɓantaro ɗan tsinke daga jikin katako da kurfi, ƙarfen nan mai kaifin baki da ake sassaƙa gurbi da shi, ya kai mini hanci, ya tambaye ni wane ruwa ne. In na ce ruwa ai ruwa ne, sai in ji ƙeyata ta ɗauki zafi. A haka na san ruwan sama da ya biyo ta rufin ƙasa jan tabo yake bari da ƙamshin laka. Wanda ya malalo ta ƙasa ƙafafu yake ci, ya bar sama lafiya. Ruwan rijiya yana barin fari-fari kamar an barbaɗa gishiri. Randar da ke tsatsafo kuwa wuri ɗaya take ci a hankali, har katakon ya yi laushi kamar dafaffen rogo.

Kayan aikina har yau ba su da yawa. Rabo, zarto, kurfi, gizago, guduma, sai wani tsinken ƙarfe da na fiƙe daga wayar ƙafar keke. Da shi nake tsokanar katako. In ya tsaya a baki, akwai sauran rai. In ya shige ba gardama, komai kyan fuskar katakon, wurin ya mutu, sai yankewa.

Ba na manta wata ƙofa da wani mutumin Tajaye ya ɗoro a amalanken jaki ana tsakiyar rani. Ya ce wanda ya ƙera masa ita ya cuce shi, ƙofar ta tsuke, har 'yan tsaki na shiga ta gefenta. Na duba gefen, na ga sawun sara, kuma ba saran kafinta ba. Na tambaye shi wa ya taɓa ta, ya rantse ba wanda ya taɓa. Sai na jingine ta na koma kan wani aikin, na bar shi tsaye a rana. Da zafi ya ishe shi, ya ce to, gaskiya da damina ta kumbura ta ƙi rufuwa, shi ne ya ɗan rage mata da gatari. Ɗan ragewar nan ya fi kaurin babban yatsa. Katako in ya sha ruwa kumbura yake yi, in ya bushe ya koma yadda yake, wanda ya sassaƙe shi yana kumbure kuwa da rani shi da iska za su kwana. Na yi mata ƙari da siririn katakon maɗaci, na manne da gam, na ɗaure tamau da robar tayar keke har ya kama.

Wasu kuma rana suke kai kayansu su shanya, sai ka ce hatsi. Murfin akwati in ya wuni a ranar bazara lanƙwashewa yake yi, ba kuma mai miƙe shi. A inuwa ake busar da katako, inda iska ke wucewa, a danne shi da dutse, a riƙa juyawa, mai kaya yana zarya yana cewa ka cika nawa. Mai gaggawa shi ne ke shafa fenti a kan jiƙaƙƙen katako, ya kulle ruwa a ciki, waje yana ƙyalli ciki yana ruɓewa. Ni na fi tsoron kayan da aka kawo mini da sabon fenti a kan wanda aka kawo da tabonsa a fili.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce ta babban farin nan na tsakiyar shekarun tamanin. Mai gyaran ɓarnar ruwa, a shekarar da ruwa bai sauka ba, me zai gyara? Mutanen ƙauyuka daga wajen Bazaga da Illela suka riƙa ciro ƙofofin ɗakunansu da gadajen matansu suna kawowa kasuwa, su samu na hatsi ko guzurin tsallaka iyaka. Kaya masu kyau suna ta wucewa ta gabanmu kamar kyauta, amma maigida Nomau ya hana mu saye. Ya ce ƙofar da yunwa ta ciro, ranar da mai ita ya dawo zai gan ta a ɗakin wani, kuma ba ya so a ce ta rumfarsa ta bi. Muka koma gyaran amalanke da sa ƙotar gatari, wata rana a ci wata rana a sha ruwa a kwanta. Waɗanda muke koyo tare duk suka watse. Ni na tsaya, ba don na fi su haƙuri ba, don ba ni da wurin zuwa. Da Nomau ya rasu bayan 'yan shekaru, ni aka bar wa rumfar.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai kuwa wani gado ne. A shekarun casa'in ne, ana tsananin bazara, wani Alhaji Sanda mai motocin ɗaukar kaya a Malbaza ya sauke mini shi. Tun daga saukewar hankalina bai kwanta ba. Mutum mai direbobi da yaran mota, ya zo da karyayyen gado shi kaɗai a bayan ƙaramar motarsa, ya lulluɓe shi da tamfol. Gadon tsoho ne na jan katako, aikin kirki, irin wanda ake kawowa daga Sakkwato. Katakan tsakiya, waɗanda katifa ke kwanciya a kansu, sun ruɓe sun karye. Ya ce ɗaki ne ke yoyo.

Yoyo a bazara, an yi watanni ba a ga ɗigon ruwa ba. Na ce to, na duƙa. Ƙafafun gadon lafiya lau, tsinkena ya ƙi shiga, don haka ba ruwan ƙasa ba ne. Wajen kai lafiya, wajen ƙafa lafiya. Ɓarnar duk tana tsakiya, tabo a kan tabo, alamar katakon ya jiƙa ya bushe, ya sake jiƙa ya sake bushewa, ya daɗe a haka. Babu jan laka ko kaɗan. Ƙusoshin wurin tsatsa ta cinye su sun koma kamar allura, ruwan sama kuwa ba ya cin ƙusa haka. Na goga rabo na kai ɓawon hanci. Sabulu na fara ji, sai turaren wuta da ya kama katakon. A ƙarƙashinsu akwai wani wari da na sani daga gadajen yara ƙanana.

Na ɗauka ko wani babban ɗa gare shi mai wannan lalura yake ɓoyewa. Na ce masa ba yoyo ba ne. Bai yi musu ba. Ya waiga ya ga ba kowa kusa, sannan ya matso.

"Malam, tsakaninka da Allah ka hwaɗa min. Ruwan ga na sama na, ko hannun mutum yaz zuba shi?"

"Akwai na hannun mutum ciki," na ce, "kuma ba jiya anka fara ba."

Ban kai ga sauran maganar ba ya dafe kai ya zauna a kan bencina. Sai a lokacin ya gaya mini gadon na mahaifiyarsa ne, Inna Kulu. Tun kaka ƙafafunta suka yi nauyi, ta rame, ta daina fita, ta daina shan ruwa in rana ta yi sanyi. Ta hana kowa shiga ɗakinta sai matarsa Habsu. Ƙanwarsa Ladi, wadda ke aure a Illela, ta zo dubiya, ita ma sai daga bakin ƙofa. Wata asuba Ladi ta leƙa, ta ga tsohuwa zaune a lungu lulluɓe da zane, Habsu kuma durƙushe ta ɗage katifa tana zuba wa gadon ruwa daga wani kwano. Ladi ta tambaye ta, Habsu ta ƙi gaya mata. Ba a jima ba gadon ya karye da tsohuwa a kai. Ladi ta ce magani ne ake zuba wa uwarsu, shi ya kashe mata ƙafafu, shi ya sa ba ta ganin kowa sai Habsu. Alhaji ya titsiye matarsa, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ya ce ya riga ya sa an ɗaure kayanta, za a mai da ita gidansu Bazaga, 'ya'yan su zauna. Maganata kawai yake jira, ga shi kuma ya ji.

Ni a lokacin ban yarda da kowa ba a cikinsu. Alhaji da ƙarya ya fara mini. Ladi ban san abin da ke tsakaninta da matar wanta ba. Habsu kuma wadda ake shirin raba ta da 'ya'yanta ta yi gum, wannan shirun ma abin dubawa ne. Hancina kansa ban ba shi cikakkiyar yarda ba, don ba a tsayawa a bakin kasuwa a gaya wa mutum irin wannan magana game da mahaifiyarsa a kan warin katako kaɗai. Na ce masa ni ba na yanke magana a kan kaya sai na ga inda ya kwana, haka aka koya mini. Ya bar matar nan tukuna, gobe ya kai ni ɗakin.

Da hantsi muka isa Malbaza. A tsakar gida na ga kwanoni da tukwane an ɗaure su cikin zannuwa, an jera jikin bango. Wata mace tana zaune kusa da su da yaro a cinya, ba ta ɗago kai ba, na san ita ce Habsu. Ladi ce ta yi mini jagora, tana tafe tana nuna mini inda ta tsaya ranar da ta leƙa. Alhaji ya tsaya a waje. Shi ne ɗan fari, tsohuwa ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, shi ma iyakarsa bakin ƙofa in ya zo gaisuwa.

Ladi ta tsaya a bakin ƙofa, ni na yi sallama, tsohuwa ta ba ni izini na shiga. Inna Kulu tana kwance a kan tabarma a ƙasa, ƙaramar tsohuwa mai tsabta, idonta tar a kaina. Na gaishe ta, ta amsa da kyau. Na ɗaga kai na duba rufi, azara a bushe, ba tabo. Na duba simintin inda gadon ya zauna, tsakiyarsa ya fi ko'ina haske saboda yawan wanki. Kasko na turare yana ta hayaƙi a cikin wannan zafi. A gefen tabarmarta bakin wata leda ya leƙo, an zuba sabon rairayi a ƙarƙashi. Ta ƙaramar tagar baya na hango igiya a wani lungu da ba mai bi, an shanya zannuwan tsohuwa da yawa fiye da abin da mace ɗaya mai kwance za ta ɓata. Daga nan na daina zargin hancina.

Duk inda idona ya je, nata yana biye. Ta ce wa Ladi ta je ta kawo wa baƙo ruwa, ta jira sai da takunta ya yi nisa.

"Kahinta, mi kag gani?"

"Na ga abin da ya kawo ni, Inna."

"Ka ce mishi ɗakin shina yoyo."

Na ce mata Alhaji ba yaro ba ne, ya san watan da ake ciki. Ta ce to in ce katakon ne ba shi da kyau, gara ta ci shi. Na ce ko na faɗi haka, kwanon da Ladi ta gani yana nan, ba yoyo ko gara da za su ɗauke shi daga hannun Habsu. Ta ja bakin zanenta. Sannan ta ce, a hankali, ita da ta ga jikoki, ita da mata ke zuwa neman shawara wurinta, da wane ido za ta dubi wancan? Wancan take ce wa ɗanta. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, amma kayan da ke ɗaure a tsakar gida ma na gan su.

"Inna, ni ba ni hwaɗi, ba bakina ya kamata a ji ta ba. Amma ba ni yin ƙarya bisa katako."

Ladi ta dawo da ruwa, na sha na fito. Alhaji ya tare ni da ido. Na ce masa gadon zai gyaru, rufi kuma lafiyarsa lau. Ya tambaye ni sauran fa. Na ce sauran ba na kafinta ba ne, amma in da ni ne, ba zan yi gaggawa ba. Shi bai ji ƙarshen ba, na farkon kawai ya ji. Ladi ta ce ai ga shi nan, mai sana'a ma ya ƙi faɗa don abin ya fi ƙarfin baki. Alhaji ya aika a kira direba ya matso da mota bakin zaure. Habsu ta sauke yaron daga cinyarta, ta miƙe ta gyara lulluɓi. Ni kuma ina tsaye riƙe da jakar kayan aikina, ina ganin maganar tawa ce ta ƙarasa ɗaure kayan nan. Direba ya sunkuya ya ɗauki ƙullin farko.

Sai muryar tsohuwa ta fito daga ɗaki. Ba ta ɗaga ta sosai ba, amma kowa ya ji. Ta ce a ce wa wancan ya matso bakin ƙofa. Alhaji ya je ya durƙusa a gaban labule. Ba ta sa an kori kowa ba, ina jin ta san in ta jira a watse ba za ta iya ba.

"Ruwan nau na. Ni ka jiƙa gado tun kaka, kamar jinjiri. Ɗiyar mutane da kaka shirin kora, ita ka wanke uwarka kullum da asuba, ta wanke gado, ta wanke zane. Ni nas sa ta rantse ba ta hwaɗa ma kowa."

Direba ya ajiye ƙullin a hankali ya fice. Ladi ta rufe baki da gefen mayafi. Alhaji daga durƙuson ya zame ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Habsu sai a lokacin ta yi kuka, ta wuce ta gefen mijinta ba ta dube shi ba, ta shiga ɗakin ta saki labule. Ni ban jira a mai da ni ba, na fita bakin hanya na tari motar Konni.

Gadon na cire masa duk katakan tsakiya, har waɗanda suka yi kamar suna da sauran rai. Na yanko sababbi na maɗaci busasshe, na shafe su da fentin mai ciki da waje, na bar su a inuwa suka sha iska. Ban buga musu ƙusa ba. Gurbi na sassaƙa wa kowanne a jikin gadon, yadda mace ɗaya za ta iya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta fitar waje ta wanke, ta mayar in sun bushe. Na bar tazara a tsakaninsu don kada ruwa ya samu wurin kwanciya. Ban taɓa yi wa gado irin wannan aikin ba kafin nan, ba kuma wanda ya ce in yi.

Ranar da na kai shi da sassafe na isa. Kwanonin Habsu sun koma ɗakinta, Ladi ta koma Illela. A tsakar gida na ci karo da Alhaji Sanda, mai motoci da direbobi, ya naɗe hannun riga yana ɗauke da bokitin ruwa daga rijiya. Ya kai shi bakin ƙofar mahaifiyarsa ya ajiye a gaban matarsa, kansa a ƙasa, ya koma ɗauko wani. Muka shigar da gadon ni da Habsu, na nuna mata yadda ake ɗaga katakan, ta gwada ɗaya, ta yi mini godiya.

Na juya na gaishe da Inna Kulu. Ta mai da fuskarta bango. Na ɗauka ba ta ji ba, na sake gaishe ta, Habsu ce ta amsa mini a madadinta. Ban ga laifinta ba, amma abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Ta yi shekaru a kan gadon nan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma duk lokacin da aiki ya kai ni Malbaza nakan tsaya a ƙofar ɗakinta in yi sallama in gaishe ta. Ba ta sake amsa mini ba ko sau ɗaya.